Yadda Ake Kula da Iskar Oksijin a Tankin Kifi Mai Shuke-shuken Ruwa

Masu sayar da kifin ado sukan ce wa sabon mai kiwo ya cika tankinsa da shuke-shuke, su za su riƙa ba kifin iska. Gaskiya suka faɗa, amma ba su ƙarasa maganar ba. Tsiron ruwa yana zuba oksijin ne muddin akwai haske a kansa. Da an kashe fitila sai ya daina bayarwa, ya ci gaba da shaƙa tare da kifi da dodon koɗi da ƙwayoyin bakteriyar da ke cikin matatar ruwa. Shi ya sa tankin da ya fi kowanne yawan ganye, shi ne wani lokaci ake wayar gari a tarar kifinsa sun taru a saman ruwa suna haki. Aikin mai kiwo shi ne ya ci moriyar abin da shuka ke bayarwa da rana, ya kuma yi tanadin dare.

Fara sanin abin da ruwanka zai iya riƙewa

Ruwa ba ya ɗaukar oksijin da yawa, kuma yana ƙara zafi yana ƙara sakin wanda ya ɗauka. Ruwan daɗi da ya ƙoshi da iska yana riƙe kimanin miligiram 9.1 a kowace lita idan zafinsa digiri 20 ne a ma'aunin Salshiyos. A digiri 25 ya sauko 8.3, a digiri 30 ya zama 7.6, a digiri 35 kuwa da ƙyar yake kai 7. Wannan lissafin na wuraren da ke daidai da bakin teku ne. Gari mai tudu kamar Jos, da ke kimanin mita 1,200 sama da teku, sai a rage kusan kashi 13 cikin 100 daga kowane adadi.

Ɗauki tanki mai tsawon santimita 60, faɗi 30, tsayi 35. Yana cin ruwa kusan lita 60. A zafin digiri 28, duk oksijin ɗin da ke cikinsa bai kai rabin giram ba. Da wannan ɗan abin ne duk mai rai a tankin zai kwana, sai fa abin da ya shigo ta saman ruwa cikin dare. Yawancin kifayen ado suna zama lafiya idan awo bai gaza miligiram 5 a lita ba. Ƙasa da 3 sun shiga wahala, idan kuma aka daɗe ƙasa da 2 sai a fara kwashe gawa, kuma manyan kifaye da masu yawan ninƙaya su ke fara tafiya.

Zafi yana cutarwa ta fuska biyu. Yana rage abin da ruwa ke riƙewa, yana kuma ƙara yunwar iska ga kifi, domin jikin kifi yana bin zafin ruwa ne, kuma buƙatarsa ta oksijin tana kusan ninkawa duk lokacin da zafi ya ƙaru da digiri 10. Bakteriyar da ke ruɓar da kashi da ragowar abinci su ma haka. Wanda ke kiwo a Kano ko Sakkwato ko Damagaram ya riƙe wannan da kyau, domin daga Maris zuwa Mayu ruwan tanki a ɗakin da ba na'urar sanyaya ɗaki yana iya haura digiri 32.

Abin da shuka ke yi cikin awa 24

Da haske ya sauka a ganye, tsiro yana jan iskar kabon da ke narke a ruwa, ya haɗa ta da ruwa ya yi sukarin da zai ci, sai oksijin ya fito a matsayin rara. Shi kansa tsiron yana numfashi dare da rana, amma a cikin haske mai kyau abin da yake fitarwa ya ninka abin da yake sha. Saboda haka awon oksijin yana hawa tun daga kunna fitila, ya kai ƙololuwa a awoyin ƙarshe kafin a kashe ta. A tankin da shuka ke girma da ƙarfi ruwan yakan wuce ƙoshi, har ka ga ƙananan ƙwayoyin iska suna maƙale a ƙarƙashin ganye suna tashi sama a jere.

Wannan rarar ba ta ajiyuwa. Duk abin da ya wuce ƙoshin ruwa yana fita ta sama cikin 'yan awoyi. Daga nan awo ya dinga sauka har zuwa asuba, ko zuwa lokacin da za a sake kunna fitila. Iskar kabon kuma tana bin akasin haka: ta ragu da rana, ta taru da dare, shi ya sa awon pH, wato ma'aunin da ke sauka idan ruwa ya ƙara tsami, ke hawa da yamma ya sauka da safe. Duk hukuncin da za ka yanke kan lafiyar tankinka, ka yanke shi da abin da ka gani da asuba. Kyan tanki da la'asar ba ya nuna komai game da daren da ke tafe.

Idan kana son gani da idonka, yanki reshen tsiro mai saurin girma, ka juya shi wurin yankan yana sama, ka nutsa shi a kwalba mai haske cike da ruwan tanki, ka kai kusa da fitila. Cikin mintoci kaɗan iska za ta fara fita daga wurin yankan ɗaya bayan ɗaya. Matsar da kwalbar nesa da fitila, za ka ga fitar ta ragu. Rufe ta da tsumma na ɗan lokaci, sai ta tsaya.

Mataki na 1: zaɓen shuka

Yawan oksijin da tsiro ke bayarwa yana tafiya da saurin girmansa. Masu siraran ganye da yawa, waɗanda ke nutse gaba ɗaya a ruwa kuma ake yi musu aski kowane mako, su ne masu aikin. A cikinsu Ceratophyllum demersum ya fi sauƙi: ba shi da saiwa, ana barinsa yana yawo ko a ɗaure shi da ɗan dutse, yana jure zafi, kuma yana tsirowa da kansa a tafkuna da madatsun ruwa na Afirka. Vallisneria, mai dogon ganye kamar ciyawa, tana son ruwa mai ɗan nauyin ma'adinai irin na rijiyoyin burtsatse da yawa, kuma tana yaɗuwa da kanta. Hygrophila iri-iri su ma suna girma da sauri a ruwa mai ɗumi. Egeria densa, wadda asalinta daga Kudancin Amurka ne, ta yi suna wajen ba da iska, amma 'yar ruwan sanyi ce; idan ruwa ya daɗe sama da digiri 28 takan yi laushi ta narke. A ƙasa mai zafi kada ka dogara da ita.

Anubias, wadda gidanta na asali koramun dazuzzukan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ne, ciki har da kudancin Najeriya da Kamaru, tana da kyau kuma da wuya ta mutu, amma ganye ɗaya take fitarwa cikin makonni. Ita da Microsorum da Cryptocoryne na ado ne da mafakar kifi. Gudummawarsu ga iska kaɗan ce, abin da suke sha da dare shi ma kaɗan ne. Haɗin da ya fi dacewa ga sabon tanki shi ne a ba masu saurin girma kusan kashi biyu cikin uku na wurin shuka, sauran a bar wa masu jinkiri.

Shuke-shuken da ke yawo a saman ruwa, kamar kainuwa da ƙananan ganyen nan na Lemna, sha'aninsu daban ne. Suna tsotse datti daga ruwa sosai, wannan alheri ne. Amma ganyensu a waje yake, don haka yawancin oksijin ɗinsu sama yake tafiya. Sannan suna yi wa na ƙasa inuwa, suna kuma toshe fuskar ruwa, wadda ita ce ƙofar iska. Kada su rufe fiye da kashi ɗaya cikin uku na saman tanki. Ɗauki siririn tiyon iska ka haɗa bakinsa biyu ya zama zobe, ka ɗora a ruwa, ka tara su a ciki, kana kwashe abin da ya yi yawa kowane mako.

Ka kula da abin da ake sayarwa da sunan shukar ruwa alhali ta tudu ce, irin gorar adon nan ta Dracaena sanderiana. Saiwarta na iya zama a ruwa, amma idan ganyenta ya nutse sai ya ruɓe cikin makonni, ya ci iskar da aka sayo shi ya bayar.

Wanda zai ɗebo shuka daga kududdufi ko dam ya yi hattara. Ciyawar ruwa, musamman Ceratophyllum, maɓoya ce ta ƙananan dodon koɗin da ke ɗauke da cutar tsargiya, kuma ta fata cutar ke shiga. A sa safar hannu ta roba mai tsawo, kada a shiga ruwan da ƙafa tsirara. A gida a jiƙa shukar minti ɗaya da rabi zuwa biyu a haɗin bilic marar turare kashi 1 da ruwa kashi 19, a ɗauraye sau da yawa, a sake jiƙa ta a ruwan da aka sa wa maganin kashe kulorin, sannan a ajiye ta a bokiti daban na mako biyu ana duba ko ƙwai ya ƙyanƙyashe. Masu siraran ganye sukan zubar da wasu bayan wannan wankan, amma suna farfaɗowa.

Mataki na 2: dasawa

Shimfiɗa tsakuwa mai ƙwayar milimita 2 zuwa 3, kaurin santimita 5 zuwa 7. Yashi mai laushi ƙwarai idan ya yi kauri yana toshewa, ƙasansa ya rasa iska, ya yi baƙi ya fara warin ruɓaɓɓen ƙwai. Cire audugar da ke naɗe da saiwa da ƙarfen da aka ɗaure damin da shi. Tsinke ganyen da ke ƙasan kowane reshe na santimita 3 zuwa 4, domin duk ganyen da aka binne ruɓewa zai yi. Dasa reshe ɗaya-ɗaya da tazarar santimita 2 zuwa 3. Idan aka cusa dami guda a rami ɗaya, na tsakiya ba sa samun haske, sai gindinsu ya ruɓe.

Vallisneria a binne saiwarta kawai, a bar wurin da ganye ya haɗu da saiwa a waje. Anubias da Microsorum kuwa ba a binne kaurin jijiyar nan da ke kwance. Da zare ake ɗaure su a jikin dutse ko itace.

Makonni biyu zuwa uku na farko su ne masu haɗari. Yawancin shuke-shuken kasuwa a wajen ruwa aka raine su, don haka tsohon ganyensu yakan mutu kafin sabo na cikin ruwa ya fito. A wannan lokacin shukar tana cin iska fiye da yadda take bayarwa. Ka riƙa tsince matattun ganye kullum, ka canza kashi 30 zuwa 50 cikin 100 na ruwa sau biyu a mako, famfon iska kuma ya yi aiki dare da rana. Kada ka zuba kifi da yawa yanzu. Matatar ma ba ta gama kama bakteriyar da ke sarrafa dattin kifi ba, abin da kan ɗauki mako huɗu zuwa shida.

Mataki na 3: haske

Fitilar LED fara mai lamba 6500K ta wadatar. Ga shuke-shuke masu sauƙi, lumen (ma'aunin yawan hasken fitila) 10 zuwa 20 ga kowace lita. Ga masu matsakaiciyar buƙata, 20 zuwa 40. Tankin lita 60 ke nan yana son lumen 600 zuwa 1,200 idan ba a ƙara masa iskar kabon daga silinda. A fara da awa 6 a rana, bayan wata guda a kai 8. Sa ta a kan na'urar saita lokaci, ko kuma a tsayar da lokaci ɗaya ba a saɓawa.

Akwai masu barin fitila a kunne dare da rana don kada iska ta ragu. Wannan ba ya haifar da ɗa mai ido. Kifi yana buƙatar duhu ya huta, shuka ba ta iya amfani da hasken da ya wuce abincin da ke gare ta, kuma gansakuka ce ke cin ribar ragowar. Hasken rana kai tsaye shi ma a guje shi: yana dafa ƙaramin tanki, yana mayar da ruwa kore. Kusa da taga inda haske ke shigowa ba tare da rana ta taɓa gilashi ba, nan ne wuri mai kyau, musamman inda wutar lantarki ba ta tsayawa.

Idan ka ga farin gari kamar alli yana taruwa a ganyen Vallisneria ko Ceratophyllum, iskar kabon ce ta ƙare a ruwan har shukar ta koma ciro ta daga ma'adinan ruwa. Awon pH yakan haura sosai da yamma a irin wannan hali. Rage haske da awa ɗaya ko biyu, ka ƙara motsin ruwa kaɗan.

Mataki na 4: motsin saman ruwa, wanda shi ne tanadin dare

Nan ne mafi yawan masu kiwo ke yin sake. Oksijin yana ratsa ruwa a hankali ƙwarai, kusan sau 10,000 ƙasa da yadda yake ratsa iska. Idan saman ruwa ya tsaya cik, siririn ɓawon da ke sama ne kawai yake ƙoshi, na ƙasa kuma yana ta raguwa. Motsi ne ke ɗauke wanda ya ƙoshi ya kai ƙasa, ya kawo mai yunwa sama. Ko dutsen iska ma, wato ɗan dutse mai ƙofofi da famfon iska ke hura iska ta cikinsa, yawancin amfaninsa ba daga ƙwayoyin iskar da ke tashi yake zuwa ba. Daga juya ruwan da yake yi ne da fasa fuskarsa. Don haka tanki mai faɗi ya fi dogo siriri mai cin lita ɗaya da shi, kuma kwalbar nan mai zagaye da ƙaramin baki ita ce mafi muni.

Ga yadda za a tsara. Matatar ruwa ta riƙa juya ruwan tanki sau 4 zuwa 5 a awa, wato lita 240 zuwa 300 a awa ga tankin lita 60. Saita bakinta santimita 1 zuwa 2 ƙarƙashin fuskar ruwa, yana kallon tsawon tanki, yadda za ka ga ruwa yana rawa a hankali daga wannan gefe zuwa wancan ba tare da fantsama ba. Wannan ya isa da rana. Da dare kuma a ƙara famfon iska da dutse ɗaya. Mai hura lita 1 zuwa 2 a minti ya ishi tankin lita 60 zuwa 100. Ya kama aiki da an kashe fitila, ya tsaya bayan an kunna ta da rabin awa ko awa guda, domin shuka ba ta kai ƙarfinta nan take. Idan kifi suna da yawa ko ana zafi, a bar shi kullum. Shukar da ba a sa mata iskar kabon ba ta yin asarar kirki da hakan.

Ɗora famfon a sama da matakin ruwa, ko ka sa bawul mai hanya ɗaya a tiyon. In ba haka ba, ranar da aka ɗauke wuta ruwa zai biyo tiyo ya zube ƙasa ya lalata famfon. Murfin tanki kuma ya kasance da kafar shigar iska.

Wani abu mai muhimmanci: famfon iska yana zuƙar iskar ɗaki ya tura ta cikin ruwa, kuma da dare ne ake fesa maganin sauro ko kunna na hayaƙi. Waɗannan magunguna guba ne mai ƙarfi ga kifi. Kafin a yi feshi a kashe famfo, a lulluɓe tankin da jiƙaƙƙen tawul, a bar matata tana juya ruwa, sai ɗakin ya sha iska sannan a buɗe. Mafi alheri kada a yi feshi a ɗakin da tanki yake.

Idan ka ga wani maiƙo-maiƙo ya shimfiɗu a saman ruwa, daga man abinci ne ko ƙurar hunturu ko bakteriya, kuma yana rage shigar iska. Shimfiɗa takardar goge hannu a kai ka ɗauke nan take, sau biyu ko uku, sannan ka ɗaga bakin matata kaɗan.

Mataki na 5: awo

Ana sayar da kayan gwajin oksijin na ɗigo, kamfanoni irin su Tetra da Sera da JBL suna yi. Ɗebi ruwa daga tsakiyar zurfin tanki, nesa da bakin matata da dutsen iska. Cika kwalbar gwajin a hankali kada iska ta shiga, domin girgiza ruwan kafin a sa magani yana ƙara masa oksijin ya ba ka lambar ƙarya. Yi gwajin nan take, ka bi adadin ɗigo da lokacin jira da aka rubuta a takardar.

Gwada sau biyu a rana ɗaya: minti 15 kafin kunna fitila, da awa ɗaya kafin kashe ta. Idan na asuba ya kai 6 ko sama, tsarinka ya yi. Tsakanin 5 da 6 ba laifi, amma babu rarar da za ta ɗauki ranar zafi ko ɗaukewar wuta. Ƙasa da 5, ƙara iska tun daren nan. Tazarar da ke tsakanin awon biyu ita ma magana ce: idan ta wuce miligiram 3, masu shaƙa a tankin sun fi ƙarfin abin da ke shigowa ta sama. Idan kuma babu bambanci ko kaɗan a tankin da ke cike da ganye, ko dai motsin ruwan yana da ƙarfi sosai, wanda ba matsala ba ne, ko shukar ba ta girma, sai a duba haske da taki.

Wanda ba shi da kayan gwaji ya tashi kafin fitila ya duba da ƙaramar tocila. Kifi sun taru a sama bakinsu na taɓa fuskar ruwa, ko sun yi cincirindo a bakin matata, marfin numfashin da ke gefen kansu yana bugawa da sauri, dodon koɗi sun hau gilashi har bakin ruwa: duk alamun ƙarancin iska ne. Kada kifin beta ko gurami ko tarwaɗa su ruɗe ka. Waɗannan suna iya shaƙar iskar waje, don haka za su yi ta harkarsu alhali sauran na mutuwa.

Ba kowane haki ne na ƙarancin oksijin ba. Na oksijin ya fi tsanani da asuba, yana kama kusan duk kifin, kuma yana sauƙi cikin awa guda da an ƙara iska. Idan hakin bai san safe ko yamma ba kuma iska ba ta rage shi ba, gwada amoniya da naitarait, gubobin da ke fitowa daga dattin kifi. Naitarait yana hana jinin kifi ɗaukar oksijin ko da ruwan ya ƙoshi. Idan bayan canjin ruwa ya fara, zargi kulorin na ruwan famfo. Idan kifi ɗaya ko biyu ne kawai, suna kuma goga jiki a dutse, ƙwayar cuta ce a wurin numfashinsu.

Abubuwan da ke cinye iska a ɓoye

Ruɓa ce ta farko. Mataccen ganye, ragowar abinci, kifin da ya mutu a bayan dutse, dattin da ya taru a tsakuwa, duk bakteriya ke cin su, kuma da oksijin suke ci. Bakteriyar matata ma suna buƙatar kusan miligiram 4.6 na oksijin kafin su sarrafa miligiram 1 na naitirojin ɗin da ke cikin amoniya. Yawan abinci ke nan yawan cin iska ta kowace fuska. Ba kifi abin da za su cinye cikin minti 2, kuma da safe bayan an kunna fitila, domin narkar da abinci yana ƙara musu buƙatar iska na awoyi. Kowane mako a zuƙe dattin tsakuwa da tiyo a canza kashi 25 zuwa 30 cikin 100 na ruwa, a matse soson matata a cikin ruwan da aka cire daga tankin.

Shukar da ta yi duhu ita ma matsala ce. Idan rassa suka kai sama suka kwanta, na ƙasa suna cikin inuwa, suna shaƙa ba sa bayarwa, kuma ruwa ba ya ratsa su. A yanke su a sake dasa kawunan, a cire tsofaffin gindin. Amma kada a aske fiye da kashi ɗaya cikin uku a rana guda.

Koren ruwa gansakuka ce mai yawo, kuma tana yin abin da shuka ke yi amma da tsanani: iska ta yi yawa da rana, ta faɗi warwas da dare. Babban haɗari shi ne a zuba maganin kashe ta, ta mutu gaba ɗaya, ruɓarta ta shanye tankin cikin dare ɗaya. Haka idan aka lulluɓe tanki kwana uku don a kashe ta da duhu. Duk wanda za a yi, famfon iska ya yi aiki ba tsayawa, a kuma canza rabin ruwa bayan an gama. Magungunan kifi masu fomalin suna rage oksijin, haka ma wuce ƙima wajen zuba maganin kulorin. Ruwan kabon na kwalba da ake sayarwa a matsayin abincin shuka kuwa yakan narkar da Vallisneria da Egeria.

Ruwan rijiya da na burtsatse yana fitowa da ƙarancin oksijin da yawan iskar kabon. A tara shi a bokiti da dutsen iska na wasu awoyi, ko a kwana da shi a buɗe, kafin a zuba. Ƙwayoyin iskar da ke maƙalewa a gilashi da ganye bayan canjin ruwa iskar da ke fita daga sabon ruwan ce, kada a ɗauka shuka ce ke aiki.

Masu sa iskar kabon daga silinda su riƙe miligiram 30 a lita a matsayin iyaka. Ɗan gilashin gwajin da ake maƙalawa a cikin tanki yana nuna shuɗi idan ta yi kaɗan, kore idan daidai, rawaya idan ta yi yawa, amma yana makara da awa ɗaya zuwa biyu. Iskar kabon ba ta korar oksijin daga ruwa. Abin da take yi shi ne hana jinin kifi riƙe shi, sai kifi ya yi haki a ruwan da ya ƙoshi. A kunna ta awa 1 zuwa 2 kafin fitila, a kashe awa 1 kafin duhu. Ta haɗin yis da sukari a gora kuwa ba a iya kashe ta, don haka ko a cire tiyonta da dare ko famfon iska ya zama dole.

Zafi da ɗaukewar wuta

Idan ruwa ya haura digiri 30, buɗe murfi, sa raga don kada kifi su yi tsalle, ka saita ƙaramar fanka tana hura saman ruwa. Yadda randa ke sanyaya ruwa ta hanyar tsatsafowa da bushewa, haka wannan ke yi, kuma yana saukar da digiri 2 zuwa 3, a busasshiyar iska ma fiye. Ruwan zai riƙa raguwa, sai a cika da wanda aka kashe wa kulorin. Gorar ƙanƙara a rufe tana taimakawa, amma kada zafi ya sauka fiye da digiri 2 cikin 'yan awoyi. A rage abinci, a rage awoyin fitila idan tana ɗumama ruwa.

Ɗaukewar wuta tana tsayar da fitila da matata da famfo lokaci guda, wato dare ya zo wa tankin ba tare da tanadinsa ba. Maganin mai araha shi ne famfon iska na USB, wanda ke cin kusan wat 1. Pawa banki mai lamba 10,000 zai riƙe shi fiye da kwana guda. Gwada su tare tun kafin buƙata, domin wasu pawa banki suna kashe kansu idan abin da aka jona ba ya jan wuta sosai. Akwai kuma famfo mai batiri a ciki da ke kama aiki da kansa da wuta ta tafi. Inda wuta ba ta da tabbas, matatar soso da iska ke tukawa ta fi dacewa, domin famfo ɗaya ne ke ba da iska yana kuma raya bakteriya.

Idan babu ko ɗaya, ɗebi ruwan tanki da kofi mai tsabta ka zubo shi daga tsayin santimita 20 zuwa 30, ka yi ta yi na minti 2 zuwa 3, ka maimaita duk bayan minti 15 zuwa 30 gwargwadon yadda kifin ke numfashi. Kwashe rabin shukar da ke yawo a sama, buɗe labule haske ya shigo idan da rana ne, kada ka ba da abinci ko kaɗan; lafiyayyen babban kifi yana jure kwana biyu zuwa uku babu ci.

Matata mai rufaffen gwangwani tana da nata haɗarin. Idan ta tsaya awoyi da yawa, iskar cikinta takan ƙare, bakteriya su fara mutuwa, ruwan ciki ya lalace. Da wuta ta wuce awa 2 ba ta dawo ba, cire soketinta, buɗe ta, ka sa sosonta a cikin tanki kusa da dutsen iska ko a roba mai faɗi da ɗan ruwan tanki. Kafin a sake kunnawa a zubar da ruwan da ya kwana a ciki, a shinshina soson. Idan yana warin ruɓaɓɓen ƙwai a wanke shi sosai da ruwan tanki. Kwana uku zuwa biyar bayan haka a riƙa gwada amoniya da naitarait kullum, a ba da rabin abincin da aka saba, idan ɗayansu ya nuna sama da sifiri a canza kashi 30 zuwa 50 cikin 100 na ruwa a ranar.